Mashin ya faɗi ya ƙi tashi: yadda za ka gano matsalar tun a bakin hanya

Mashin ɗin da yake aiki lafiya lau, ya zame a kan tsakuwa ko ya sulale daga kan jak, aka ɗaga shi ya ƙi tashi, da wuya a ce injinsa ne ya mutu. Galibi fetur da baƙin mai da ruwan batir ne suka bar inda aka tanadar musu, domin duk an ƙera mazauninsu ne a kan cewa mashin yana tsaye. Da ya kwanta, fetur ɗin kafireta ya kwarara cikin silinda, baƙin mai ya bi tiyon numfashin inji ya shiga akwatin matatar iska, dattin da ya daɗe a gindin tanki ya motsa. Sai kuma ƙananan abubuwan da ƙasa ta buga: hular fulogi, soket, maɓallin kashe inji.

Ɓarnar gaske takan zo ne bayan faɗuwar, daga hannun mai mashin ɗin. Ya ja cok, ya murɗa totur, ya yi ta dukan kik har gumi ya karyo masa, 'yan kallo kuma kowa da shawararsa. A Jos abin ya fi yawa, don sanyin safiya ya sabar wa kowa da jan cok, da mashin ya yi gardama hannu ya kai kansa wurin. Alhali injin da ya faɗi mai ne ya yi masa yawa. Ga kuma tsayin garin, kusan mita 1,200 sama da teku, inda iska ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka kafiretar da ba a sake wa saiti ba dama can mai yana ɗan rinjayar iska a cikinta. Ka ƙara cok a kan wannan, wanda aikinsa ƙara rinjayen mai a kan iska ne, ka gama shaƙe injin.

Bayanin nan ya fi shafar ƙananan mashina masu kafireta, daga cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer, TVS, Jincheng, Haojue, Honda CG125 da roba-roba. Kayan aikin da za ka buƙata ba su da yawa: sifanar fulogi, sifana mai lamba 8 da 10, sukudireba mai baki biyu, filaya, tsumma, da gorar ruwa wadda babu komai a ciki. Wanda yake ajiye sabon fulogi da fiyus a akwatin gefe ya rage wa kansa rabin wahala.

Ɗaga shi, sannan ka ƙyale shi

Kashe makulli tukuna, ko da injin ya riga ya mutu. Idan kuwa yana kwance yana ci gaba da aiki, tayar baya na juyawa, kashe shi nan take, domin famfon baƙin mai ba ya samun abin zuƙa idan inji na kwance, kan silinda a bushe yake aiki. Daga nan juya famfon fetur na ƙasan tanki zuwa OFF. Kwance kayan da ke kan kariya, buhun dankali ne ko kwandon tumatir daga Farin Gada, kada ka ce za ka ɗaga duka tare. Idan ta dama ya faɗi, buɗe jak ɗin gefe kafin ka ɗaga, don kada ya zarce ya faɗi ta ɗaya ɓangaren. Riƙe birkin gaba ko ka bar shi a giya, ka durƙusa ka miƙe da ƙarfin cinyoyi ba na ƙugu ba, kuma ka lura da salansa, tana ƙona ƙauri.

Tura shi wuri mai daidai, nesa da wutar mai shayi ko mai tsire, ka ɗora shi a kan babban jak. Goge fetur ɗin da ya zuba a jikin tanki da inji. Sai ka bar shi minti 10 zuwa 15. Wannan jiran shi ma gyara ne: baƙin mai yana komawa gindin inji, fetur ɗin da ya taru a hanyar iska yana bushewa. Mashina da yawa daga nan suke tashi ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Kana jira kana dubawa, kuma ɓangaren da ya daki ƙasa shi zai gaya maka inda za ka fara. A hagu akwai hannun kuloci, sandar giya, murfin magneto, wato abin da ke samar da wuta idan inji na juyawa, da wayoyin da ke fitowa daga cikinsa, da famfon fetur. A dama akwai totur, maɓallin kashe inji da na sitata, kik, birkin ƙafa da salansa. Duba ƙasan inji ko akwai ɗigon baƙin mai. Tsagar da ke jikin murfin inji, komai ƙanƙantarta, idan tana tsiyaya, kada ka tayar.

Abu ɗaya da ba a tsallakewa: murɗa totur ka saka. Dole ya koma da kansa, ka ji ƙas. Gwada haka kan mashin yana tsakiya, sannan a karkace dama, sannan hagu. Faɗuwa ta dama kan tura robar totur ciki ta matse, ko ta cusa ƙasa a bakinta, ko kebul ya fita daga kujerarsa a saman kafireta. Mashin ɗin da ya tashi da totur a maƙale zai ƙwace daga hannunka da zarar ka sa giya.

Kik na farko da hannu ake yin sa

Makulli a kashe, giya a firi, ka danna kik da hannu a hankali. Lafiyayyen inji zai sauka, ya ɗan yi tauri a wuri ɗaya, sannan ya wuce. Idan ya zo wani wuri ya cije ƙam, tsaya nan. Kada ka hau kansa da nauyinka, kada ka danna sitata, kada ka yarda a tura ka.

Dalili shi ne ruwa ya taru a saman fistin, fetur ko baƙin mai. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan aka tilasta wa fistin hawa a kan ruwa, sandar da ta haɗa shi da karanshaf ce za ta lanƙwashe, aikin minti goma ya koma sauke inji. Roba-roba ta fi saurin yin haka, saboda silindarta a kwance take, kafireta kuma tana samanta, duk abin da ya zubo kai tsaye yake gangarawa ciki.

Maganinsa shi ne a ba ruwan ƙofa. Goge kewayen fulogi don kada yashi ya faɗa ramin, cire hular, kwance fulogin. Sifana 16 ke kama na roba-roba irin C7HSA, 18 ke kama na CG125 irin D8EA. Ɗora tsumma a bakin ramin, kau da fuskarka, tabbatar makulli yana kashe, ka yi kik sau 10 zuwa 15. Za ka ga abin da ya feso a tsumman: idan ya bushe da sauri yana wari, fetur ne, idan baƙi ne mai santsi, baƙin mai ne. Ci gaba har sai iska kawai ke fita. Wanda mashin ɗinsa ba shi da kik, ya sa shi a giya ta ƙarshe a kan babban jak ya juya tayar baya da hannu. Idan an cire fulogi amma har yanzu kik ya ƙi sauka, matsalar ba ta ruwa ba ce. Duba ko sandar kik ɗin ce ta lanƙwashe tana dukan salansa ko matakin ƙafa, ko kuma mashin ɗin yana cikin giya ba ka sani ba. In ba waɗannan ba, aikin bakanike ne.

Ƙananan abubuwan da ke ba mutum kunya

Jan maɓallin kashe inji na hannun dama, ga mashin mai shi, gwiwa ko ƙasa kan danna shi lokacin faɗuwa. Mayar da shi wurin aiki, ka kunna ka kashe sau uku ko huɗu don ƙurar da ta shiga ta kakkaɓe. Danna hular fulogi har ta zauna. Duba hannun cok na jikin kafireta, shi ma yakan motsa. Idan giya ta ƙi komawa firi, kada ka taka da ƙarfi, ka riƙa tura mashin gaba da baya kana ɗaga sandar da sauƙi. In sandar ce ta lanƙwashe tana gugar murfin inji, sassauta notinta mai lamba 10 ka zare ta ka mayar ta ɗan sama.

Wasu mashinan ba sa barin sitata ta juya sai fitilar firi ta kama ko an riƙe kuloci, roba-roba mai atomatik kuma sai an riƙe birki. Akwai ɗan soket mai waya biyu a gindin hannun kuloci ko na birki, faɗuwa na yawan zare shi. Manyan mashina kuma suna da wani a jikin jak ɗin gefe, wanda ke kashe inji idan an sa giya jak na ƙasa.

Masu injekta, wato waɗanda ba su da kafireta, labarinsu daban ne kuma ya fi sauƙi. Da yawansu suna da na'urar da ke yanke fetur da wuta idan mashin ya karkata wajen digiri 60 zuwa 70. Ba ta sakin kanta don kawai an ɗaga shi. Tsayar da shi daidai, kashe makulli, jira daƙiƙa 10, ka sake kunnawa. Ka kasa kunne, za ka ji famfon lantarki mai tura fetur ya yi kuka na daƙiƙa 2 ko 3 a cikin tanki. Idan babu wannan kukan, koma kan jan maɓalli da fiyus, sannan a duba ko na'urar ta tsinke daga maƙalinta tana reto.

Obafulo

Obafulo, wato fetur ya cika kafireta ya malala cikin inji, nan ne mafi yawan matsalar take. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi da ke riƙe fetur. Cikinsa akwai fulota, roba mara nauyi da ke iyo a kan man, tana tura wata allura ta toshe hanya idan kofin ya cika. Da mashin ya kwanta, fulota ta daina tura allurar, fetur ya yi ta zuba daga tanki ba mai tsayar da shi. Wani ya fita ta tiyon ƙasa, wani ya shige cikin inji. Alamarsa warin fetur mai ƙarfi, da inji mai juyawa yana tari ɗaya-ɗaya amma ya ƙi kamawa.

Ga yadda ake tayar da shi. Bar famfon fetur a OFF, abin da ke cikin kofi ya isa. Cok a kashe. Buɗe totur har ƙarshe ka riƙe shi a haka, ban da murɗawa ana saki. Kunna makulli ka yi kik cikakke, daga sama har ƙasa, sau 8 zuwa 10. Buɗaɗɗen totur yana shigar da iska mai yawa, ita ke share man da ya taru. Da ka ji ya fara kamawa, sassauta totur zuwa kamar kwata, ka riƙe shi nan har muryarsa ta washe, sannan ka buɗe famfon fetur kafin kofin ya ƙare. Idan da sitata kake yi, daƙiƙa 5 a kowane danni, ka huta daƙiƙa 15, kada ka wuce sau huɗu ko biyar. Batir ɗin waɗannan mashinan ƙarami ne, yanzu za ka ƙarar da shi ka ƙara wa kanka matsala ta biyu.

Idan da ka buɗe famfo sai fetur ya fara tsiyaya ta tiyon ƙasan kafireta bai tsaya ba, fulota ce ta maƙale ko ƙwayar datti ta tokare allura. Ƙwanƙwasa gefen kofin da ƙotar sukudireba, ta robar, sau biyar ko shida, ba da ƙarfi ba. Sau da yawa wannan kaɗai ke sakin ta. In bai yi ba, rufe famfo, sassauta sukurun da ke gindin kofin zagaye ɗaya ko biyu, tari man a gora har ya ƙare, ɗaure, ka sake buɗe famfo. Fetur ɗin da zai shigo da ƙarfi cikin kofin da babu komai yakan wanke dattin daga bakin allura. Sai wannan ma ya gaza ake kwance kofin, kuma a shimfiɗa tsumma a ƙasa, don sandar fulota da allurar ƙanana ne, idan suka faɗa cikin tsakuwa sai dai a sayi wasu.

Akwai sukurori biyu a gefen kafireta, na silo da na iska. Kada ka taɓa su, kada ka bar wani ɗan taimako ya taɓa. Faɗuwa ba ta juya sukuru. Mashin ɗin da saitinsa yake daidai da safe, yana nan daidai bayan ya faɗi, amma da an fara murɗe-murɗe sai a rasa gane wace matsala ce ta faɗuwa, wace ce ta hannu. In an riga an taɓa na iskar, a ɗaure shi a hankali har ya zauna ba tare da matsawa ba, a warware zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga nan galibin waɗannan kafiretoci ke tashi, sauran saitin sai inji ya yi zafi.

Fulogi da wuta

Idan dabarar buɗe totur ba ta yi ba, cire fulogi ka duba bakinsa. Jiƙaƙƙe mai warin fetur na nufin mai na isowa, ya ma yi yawa. Baƙi mai maiƙo na nufin baƙin mai ya hau. Busasshe ƙayau bayan duk kik ɗin da ka yi na nufin fetur ba ya zuwa, sai ka tsallaka zuwa batun tanki. Duba farin tangaran ɗin jikinsa ma, tsaga siririya kamar gashi ta isa ta sa wuta ta bi gefe.

Goge shi, in da maiƙo ka wanke bakin da ɗan fetur, ka bar shi ya sha iska. Tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7 ce a yawancin waɗannan mashina. Wasu kan gasa bakin da ashana ko laita don ya bushe. Yana aiki, amma a yi shi can nesa da mashin, kuma fulogin da ya sha baƙin mai sosai ba a cika dogara da shi ba, sabo ya fi. Kafin ka mayar, yi kik kamar sau 10 da ramin a buɗe, makulli a kashe, don silinda ta bushe.

Gwajin wuta kuwa, sa fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba. Riƙe ta robar hular kawai. Kunna makulli, yi kik, ka kare wurin da inuwar jikinka don rana ba ta bari a gani. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas-tas ita ake so. Ja-ja mai rauni, ko wadda ke zuwa tana ɗaukewa, ba za ta tayar da jiƙaƙƙen inji ba.

Idan babu wuta, fara da sabon fulogi. In babu, warware hular daga jikin wayarta, murɗawa ake yi kamar sukuru. Faɗuwa kan fizge ta har ƙusar ciki ta daina taɓa zaren waya. Yanke kamar santimita ɗaya daga bakin wayar ka sake murɗa hular. In har yanzu shiru, bi wayoyi: ƙananan wayoyin kwayil, wanda ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, a ƙarƙashin tanki, soket ɗin CDI, ɗan akwatin da ke aika wa kwayil wuta a kan lokaci, a ƙarƙashin sit ko bayan murfin gefe, da soket ɗin wayoyin da ke fitowa daga magneto ta hagu. Zare kowanne, hura, mayar har ya kama. Leƙa bayan fitilar gaba ma, inda wayoyin makulli suke, don idan kan mashin ya juya da ƙarfi har ƙarshe yakan ja su.

A mashinan da ke bin tsarin wayar Honda, wanda yawancin na Sin suka kwaikwaya, kore ita ce wayar ƙasa, baƙa mai farin layi ita ce ta kashe inji, baƙa mai rawayan layi ita ke zuwa kwayil. Idan ka zare baƙa mai farin layi daga CDI sai wuta ta dawo, to makulli ko jan maɓalli ne ya lalace yake kashe wutar. Mashin zai tashi a haka ya kai ka wurin gyara, sai dai makulli ba zai kashe shi ba, sai ka sa giya ka taka birki ka saki kuloci. Launukan Bajaj da TVS daban suke, kada ka bi wannan a kansu.

Wurin mayar da fulogi, fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Sabo kusan rabin zagaye, tsoho ɗan taɓawa kawai. Kan silinda alminiyom ne, idan zaren ramin ya ci, kuɗin gyaransa ya ninka na fulogi sau da yawa.

Batir da fiyus

Danna hon. In ya yi ƙara sosai, batir da fiyus lafiya. In babu hon babu fitilar firi, buɗe murfin gefe. Batir kan goce daga mazauninsa ya sassauta kan waya. Girgiza kowace, wadda ta motsa a ɗaure ta. Fiyus yana kusa da jar waya, galibi mai amfiya 10 ko 15. Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta fashe tana taɓa ƙarfe, kuma mafi yawa ta tirafiketar da ta karye ce a ɓangaren da ya faɗi. Zare soket ɗinta ka naɗe bakin. Naɗa wa fiyus waya ko takardar sigari mai ƙyalli hanya ce ta ƙona wayoyin mashin gaba ɗaya, kuma a kusa da fetur ɗin da ya zuba.

Mai mitar auna wuta ya auna: cikakken batir bolt 12.6 ne ko sama, ƙasa da 12 ya yi sanyi. Sitatar da ke yin ƙas kawai ba ta juyawa, ko batir ne, ko kan waya, ko kuma ruwan nan ne a saman fistin, shi ya sa gwajin kik da hannu ke zuwa da farko. Wani abin lura kuma, mashinan da CDI ɗinsu ke cin wuta daga magneto suna tashi da kik ko babu batir, amma waɗanda nasu ke ci daga batir, fiyus ɗaya ya isa ya hana su wuta ko da kik.

Batir mai ruwa idan ya kwanta yakan zubar da asid ta tiyonsa. Wanke wurin da ruwa mai yawa, in da hali a jiƙa kanwa a ciki, tana kashe kaifinsa. In aka bar shi, zai ci fenti da sarƙa da wayoyi a hankali.

Idan fetur ne ba ya zuwa

Buɗe tanki ka leƙa, kada ka dogara da abin da ka tuna ka sha, wani ya zube ta murfi. Cikin tanki hawa biyu ne kamar sirdi a kan ƙarfen mashin, ɗan man da ya rage kan koma ɓangaren da babu famfo. Juya famfo zuwa RES, wato man ajiya, ka karkata mashin ta ɓangaren famfon. Idan da ka buɗe murfin ka ji ya ja iska, ƙaramar ƙofar numfashinsa ce ta toshe, gwada tayarwa da murfin a sassauce.

Zare tiyon mai daga jikin kafireta, sa bakinsa a gora, buɗe famfo. Ya kamata ya zubo a jere. In ɗigo yake yi, tsatsa da dattin da faɗuwa ta tayar sun toshe rariyar famfo ko ƙaramar matatar da ke kan tiyo. Ɗaga gorar ka duba gindinta a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa dunƙule-dunƙule. Da damina, da kuma ga mai shan man 'yan bumburutu, wannan ba baƙon abu ba ne: ruwan ya daɗe kwance a lungun tanki, faɗuwa ce ta kawo shi bakin famfo. Zubar da na kofin kafireta ta sukurun ƙasa, ka maimaita har sai tsabtataccen fetur ke fita. In tiyo na kawo mai amma sukurun ƙasa bai fitar da komai ba, allura ce ta maƙale a rufe, ƙwanƙwasawar nan dai ita ce. Roba-roba mai famfon da ba a juyawa da hannu tana da siririn tiyo na biyu daga wuyan inji, shi ke buɗe famfon da zuƙar iska. In ya zare, mai ba zai sauko ba.

Matatar iska da baƙin mai

Buɗe akwatin matatar iska. In soson ya jiƙe da baƙin mai ko fetur, inji ba ya samun numfashi. Goge cikin akwatin, wanke soson da kalanzir, matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ya yage, bar shi ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. Ta takarda idan ta sha mai ta gama aiki, sai sabuwa. Ana iya tayar da mashin na ɗan lokaci babu matata don a tabbatar ita ce matsalar, amma kada a hau hanya a haka, balle cikin ƙurar hunturu.

Kama kafireta ka girgiza ta. In tana motsi, ta zame daga robar da ke haɗa ta da inji, ko robar ta tsage. Alamar wannan ita ce mashin ya tashi da cok kawai, ko silo ya yi ta hawa da kansa. Mayar da ita ka ɗaure zoben.

Sannan ma'aunin baƙin mai, mashin yana tsaye daidai. Yawancin waɗannan injuna kusan lita 1 suke ci, 20W-50. In ya ragu, cika. In ya ƙaru fiye da da, ya tsinke, yana warin fetur, to fetur ya bi gefen ringin fistin ya sauka cikinsa, sai juye. In ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga. Wannan na faruwa ga wanda ya faɗi a kwata ko a rafi da damina, kuma irin wannan mashin ba a gwada tayar da shi sam kafin a cire fulogi, a zubar da kofin kafireta, a bushe matata, a ɗaga gaba don ruwan salansa ya fita, a canza mai. Laka ma kan toshe bakin salansa, tsinke ya isa ya buɗe ta.

Turawa, da abin da ke biyo bayan tashi

Jos ba ta rasa gangara, shi ya sa turawa ke zuwa wa mutane a rai da wuri. Tana da amfani idan batir ne ya mutu ko ƙafa ta gaji, amma sai bayan ka tabbatar kik na sauka lafiya, totur na komawa, birki na kamawa. Giya ta biyu, kuloci a riƙe, makulli a kunne, in ya ɗauki gudu ka saki kuloci kana zama da nauyinka a kan sit. Giya ta ɗaya tana sa taya ta ja ƙasa kawai. Mai atomatik ba ya tashi da turi.

In ya tashi, hayaƙi fari ko shuɗi zai fita na minti 5 zuwa 10, man da ya shiga salansa ne ke ƙonewa, ba abin tsoro ba ne. Bar shi a silo, ban da zuga totur. Hayaƙin da ya wuce minti 15 bai ragu ba, ko ƙwanƙwasa daga cikin inji da ba ka saba ji ba, kashe shi. Kafin ka hau, tsaya ta gaba ka ga ko kan mashin ya yi daidai da taya. In ya karkace, matse tayar tsakanin gwiwoyinka ka murɗo shi. Gwada birki biyun a tafiyar ƙafa, duba sarƙa ba ta sauka ba.

In akwai wuta, akwai mai, akwai iska, amma ya ƙi, saura matsi, wato ƙarfin da fistin ke matse iska a cikin silinda. Cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, makulli a kashe, a yi kik. Lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi. In iskar ba ta da ƙarfi, ko kik na sauka sakayau babu tauri ko kaɗan, bawul ne ba ya rufewa ko wani abu ya lanƙwashe a ciki. Wannan, da murfin magneto da ya lotsa, da rashin wuta bayan an bi duk soket, su ne na kai wa bakanike. Ka gaya masa ta wane ɓangare ya faɗi, minti nawa ya yi a kwance, ko injin na aiki lokacin, ko kik ya taɓa cijewa, da abin da ka gani a bakin fulogi. In ya ce CDI ko kwayil ne, ya ɗora wani mai aiki a gwada a gabanka kafin ka biya kuɗin sabo.